Takardar da Ta Ce a Dawo da Mota

4 ga Fabrairu

Zuwa ga Uwata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ya aiki, ya zaman nesa da gida? Mu nan lafiya, sai godiyar Allah. Innarki tana samun sauƙi. Hannun daman ne dai har yau bai yarda ya riƙe cokali ba, amma ƙafar ta fara jin magana. Litinin da Alhamis ina kai ta gashi asibiti a motarki kamar yadda kika bar mu. Ni kuwa kunnen nan ya ƙara nauyi, don haka kada ki wahalar da kanki da kiran waya. Kina magana ina jin kamar ana zuba tsakuwa a kwano. Takarda ta fi, ita ba ta yi wa mutum musu.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, shekaranjiya aka kawo wata wasiƙa da sunanki, da adireshin gidan nan. Ki yafe mini, na buɗe, don na ga tambarin kamfanin da ya ƙera motar a jikin ambulan. Ga abin da suka rubuta, na kwafo miki ba ragi ba ƙari: "Ana buƙatar a dawo da motar garejinmu ba tare da ɓata lokaci ba, domin a canza wani sashe na birki. Ba za a karɓi ko sisi ba."

Uwata, shekara talatin da ɗaya na yi ina magatakarda a kotu, ban taɓa ganin takardar da ta fara da kyauta ta ƙare lafiya ba. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Mota ta shekara shida a kan titi, sai yau suka tuna akwai abin da suka manta a cikinta? Kuma me ya sa suka ce "a dawo"? Abin da aka ara shi ake dawowa da shi.

Na kai wa Dogo bakanike takardar, wanda ke bakin layinmu. Ya yi dariya har da buga sifana a ƙasa. Ya ce, "Baba, ka kai musu, su kwance maka kayan asali su sa maka na gwangwan, ka dawo kana godiya." Ya ce birkinta garau yake, shi da kansa ya duba kwanan baya.

Tambayata ɗaya ce, kuma ina so ki amsa mini ita tsakani da Allah. Ke kika yi magana da su? Wani ya gaya miki wani abu game da motar ne? Ko da yake zumuncinmu da nisa, kakata da kakar mahaifiyarki ne ciki ɗaya, shekara huɗu kika yi a ɗakin bayanmu kina karatun jinya, kuma sunan mahaifiyata gare ki. Ba a ɓoye wa juna magana tsakanin ɗa da uwa.

Innarki tana gaishe ki, ta ce ki rage shan shayi ba abinci.

Naki,
Kawu

18 ga Fabrairu

Kawuna,

Wa alaikumus salam. Na samu wasiƙarka jiya, sai da na karanta ta sau biyu don kewar rubutunka. Na ji daɗin labarin ƙafar Inna, Allah ya ƙara sauƙi. A riƙa sa ta matsa ƙwallon robar nan ko da tana ƙorafi. Ni lafiyata lau. An mayar da ni ɗakin haihuwa, mu biyu ne kacal a kan gado goma sha biyu, don haka idan ka ga rubutuna ya karkace, tsaye nake yi.

Kawu, ka ba ni dariya da maganar zomo. Ba wanda ya gaya mini komai, kuma ba ni na neme su ba. Ni ma sun turo mini saƙo ta waya, tunda takardun motar da sunana suke. Haka kamfanoni ke yi idan sun gano wani ƙarfe ko wata roba da suka saka ba ta da inganci. Duk motocin da aka ƙera a wannan shekarar ake kira, ba tawa kaɗai ba. Ba don suna ƙaunarmu suke yi kyauta ba, tsoron shari'a suke yi, kai ma ka fi ni sanin wannan. Shi kuwa Dogo, ai ba za ka tambayi mai sayar da ruwa ko a haƙa rijiya ba.

Na kira su, sun ba mu ranar ashirin da takwas ga wata, ƙarfe tara na safe. Talata ce, ba za ta taɓa ranar gashin Inna ba. Ka kai musu ita, ka bar musu makulli, ka hau tasi ka koma gida. Sauran ni da su ne, mun gama magana. Dama akwai wata niyya da nake da ita a kan motar, ba zan faɗa ba sai komai ya kammala, kuma gyaran nan yana cikin abin da nake so a gama tukuna.

Don Allah kada ka ja lokaci. Maganar birki ce, kuma Inna ce a kujerar gaba.

Ka gaishe ta da kyau. Ka ce mata ina cin abinci, shayin na rakiya ne.

Taka,
Uwarka

3 ga Maris

Uwata,

Sallama da gaisuwa. Muna lafiya. Innarki ta yi mura amma ta warke.

Na karanta wasiƙarki, na ajiye, na sake ɗauka bayan kwana biyu ko zan ga wani abu dabam. Abin da na gani da farko shi na sake gani. Kin ce in bar musu makulli, in hau tasi in koma gida. Kin ce sauran ke da su ne, kun gama magana. Kin ce akwai niyyar da ba za ki faɗa ba sai ta kammala. A kotu, idan mutum ya jera irin waɗannan maganganu uku, ba ma buƙatar shaida na huɗu.

Ban kai ta ba. Ranar Talatar na wanke ta, na zauna a ƙofar gida ina kallonta.

Uwata, motarki ce. Da guminki kika saya, kuma ranar da za ki tafi da bakinki kika ce in riƙe ta saboda Innarki, ban roƙa ba. Idan yanzu kin sami mai saye, ko kina so a musanya miki da sabuwa a can wurinsu, ai sai ki ce, "Kawu, ina son kayana." Wallahi ko gezau ba zan yi ba. Abin da ba zan iya ɗauka ba shi ne a bi da ni ta bayan gida, a sa ni in tuƙa ta da hannuna in kai, in tsaya bakin titi ina tsayar da tasi, sai daga baya in ji labari. Tsufa na yi, hankalina bai tafi ko'ina ba.

Dogo ya ce ya taɓa ganin haka. Wani mutum ya kai tasa, aka ce ya dawo jibi, jibi ta zama wata uku. Ban ce komai na Dogo gaskiya ne ba, amma shi a gabana yake, ina ganin idonsa idan yana magana. Su kuwa ko sunan wanda ya sa hannu a takardar ba a iya karantawa.

Ki fito fili ki gaya mini. Idan ta tafi, zan nemi mai a-daidaita ya riƙa kai Innarki, Allah ba zai hana mu yadda za mu yi ba.

Kawu

6 ga Maris

Kawuna,

Gaisuwa da fatan alheri, ya jikin Inna? Ban ga amsarka ba har yanzu, wataƙila tana hanya, amma ba zan iya jira ba.

Mutanen garejin sun kira ni, sun ce ba a kawo motar ba, kuma ba wanda ya je ya ba da uzuri. Ban taɓa sanin ka saɓa lokaci ba, kai da kake isa wurin biki kafin masu biki. Na shiga damuwa, na kira yayana direban tanka, na ce ko ya san halin da kuke ciki. Abin da ya gaya mini ya hana ni sakewa.

Ya ce a watan Disamba ya bi ta layinku sau biyu, bai ga mota a ƙofar gida ba, kuma mai shagon da ke kallonku ya ce masa ta kwana biyu ba ta nan. Ya ce watan jiya ya sake bi, ya ga mota, amma gabanta kamar ba launinta ba, ruwan tokar ya fi duhu. Har ya ce mini, "Anya ita ce kuwa?"

Kawu, ina jin nauyin tambayar nan, amma gara in yi ta. Motar tana hannunka? Ita ce dai wadda na bari? Idan wata larura ta taso ta sa ka rabu da ita, ko ka ba wani yana aiki da ita, ka gaya mini, ba zan ga laifinka ba. Na san magungunan Inna ba wasa ba ne. Akwai wata doguwar lamba a ƙasan gilashin gaba, ɓangaren direba. Ka kwafo mini ita a wasiƙarka ta gaba, hankalina zai kwanta.

Taka,
Uwarka

19 ga Maris

Uwata,

Muna lafiya.

Ga lambar a bayan takardar nan, na kwafa sau biyu don kada a ce na yi kuskure. Ga kuma makullin motarki a cikin ambulan, na naɗe shi da auduga. Tana ƙofar gida, na rufe ta da tamfol. Ki turo duk wanda kika ga dama ya ɗauka.

Yayanki ya bi ta layinmu sau uku, ya sami lokacin tsayawa wurin mai shago, ya sami lokacin auna launin fenti, bai sami lokacin shigowa ya gaida mara lafiya ba. Allah ya yi masa albarka.

Da na san zan kai ranar da za a ce in kawo shaidar ban sayar da amana ba, da tun farko ban karɓa ba.

Kawu

2 ga Afrilu

Kawuna,

Ina gaishe ka, ina gaida Inna, kuma ina durƙushe nake rubuta wannan. Wasiƙunka biyu rana ɗaya suka iso, ta uku ga Maris da ta sha tara. Ta farkon ta yi kusan wata a hanya. Da na jira na same ta tukuna, da ban rubuta abin da na rubuta ba. Da makullin ya faɗo a cinyata, sai da na shiga ɗakin ajiye magani na rufe ƙofa na yi kuka mai isata.

Niyyar da na ɓoye ita ce, ina so in mayar da takardun motar da sunanka. An tsawaita mini aiki nan shekara uku, kuma ban ga amfanin mota tana hannunka suna yana nawa ba. Na so a gyara ta tukuna, don kada in ba ka kyauta mai aibi. Maganar "sauran ni da su ne" kuwa, sa hannu nake nufi da cike takardu, don kada su wahalar da kai. Na so in ba ka mamaki, sai ga shi na ba ka ciwon rai. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, Kawu.

Tambayar lamba kuwa, na yi kuskure, ba ni da abin kare kaina. Nisa ne da shiru suka haɗu suka yi mini huɗuba. Ka yafe wa uwarka. Yayana ma na yi masa faɗa.

Ga makullin na dawo da shi. Yaya ake kai Inna gashi yanzu? Wannan ne ya fi damuna.

Amma Kawu, tunda kai ka koya mini karanta takarda, bari in faɗi abin da na lura. Ka amsa maganar lamba, ka amsa maganar yayana, ba ka ce komai ba game da Disamba da launin gaban motar. Ba zargi nake yi ba, na daina. Ina dai ganin akwai abin da ke sa ba ka so mutanen garejin su gan ta, kuma ba Dogo ba ne.

Taka har kullum,
Uwarka

16 ga Afrilu

'Yata,

Innarki ce. Da hannun hagu nake rubutu, kwana uku ina yi, ki yi haƙuri in kin ga kamar kaji sun yi tsere a kan takardar. Jikina da sauƙi. Kawunki bai san na rubuto ba, amma da na jefa a gidan waya zan gaya masa, ba na ɓoye-ɓoye, ya ishe ni haka.

Wasiƙarki ta zo da makulli. Ya karanta, ya sa makullin a aljihun rigar da ba ya sawa. Mota tana nan ƙarƙashin tamfol. Sau uku kawai na je gashi a wata guda. A-daidaita tana girgiza ni, in na sauka sai an riƙe ni, ƙafar da ta fara takawa ta soma komawa baya.

Ga abin da ya faru a Disamba. Ranar wata Alhamis muna gangarowa daga asibiti, wurin mararrabar da ke ƙasan gangaren, wata mata ta shigo titi da goyo. Kawunki ya ce ya taka birki, ƙafarsa ta tafi har ƙasa kamar ya taka auduga. Ya murɗe sitiyari, muka daki turken lantarki. Matar ko ƙwarzane, alhamdu lillahi. Ni goshina ya fashe, ɗinki uku. Mutane suka taru. Matar nan ta leƙo ta taga, ta ce masa, "Tsoho, in ba ka gani ka zauna a gida mana, sai ka kashe mini ɗa?"

Aka ja motar zuwa wurin Dogo. Ya shiga ya taka birki, ya kama cak. Ya sake takawa, ya kama. Sai ya ce, "Baba, birki lafiya lau. Totur ka taka, ruɗewa ce, tana faruwa da manya." A gaban mutane ya faɗa. Kawunki ya yarda. Tun daga ranar ya zama wani mutum. In zai tuƙa sai ya leƙa ƙafarsa. In ya ga tabon goshina sai ya kawar da kai. Mako uku motar ta yi wurin Dogo ana buga gaba ana fenti, ya sa na yi alƙawarin ba zan gaya miki ba.

Da takardar kamfani ta zo ya ga kalmar birki, sai ya ce, "Shi ke nan, labari ya kai mata. Ta rasa yadda za ta ce in daina tuƙi, ta haɗa baki da su su duba su rubuta mata." Na ce masa kai ma dai, yarinyar da ka raina? Ya ce takarda ba ta zuwa haka kawai. Tsoronsa kada su buɗe gaba su ga gyara, su tabbatar birki lafiya yake, a rubuce. Maganar Dogo iska ce, yana iya mantawa. In aka rubuta, ya zama hukunci.

Ni dai ina zaune a gefensa ranar. Ban ga ƙafarsa ba, ba zan yi ƙarya ba. Amma ban ji injin ya yi ƙara ba, kuma wanda ya taka totur ai injin kan yi ihu. Na faɗa masa, ya ce tausayinsa nake ji.

Ki san yadda za ki yi da kawunki. Ni na gaji da taurin kansa, kuma ina tausayinsa.

Innarki

27 ga Afrilu

Kawuna,

Gaisuwa da girmamawa. Na san Inna ta gaya maka ta rubuto mini, don haka ba sai mun yi zagaye ba. Na gode wa Allah da ya tsare ku, ya tsare matar da ɗanta. Gaban mota kuwa, ko goma aka fasa, bai kai ɗinki ɗaya na goshin Inna ba. Kada ka yi fushi da ita.

Na kira garejin. Ban ambaci sunanka ba, ban ce an yi haɗari ba. Tambaya ɗaya na yi, na ce wannan aibin da kuke magana, yaya direba zai gane shi? Na sa mutumin ya maimaita a hankali na rubuta, ga shi kamar yadda ya faɗa: "Akwai wata roba a cikin famfon birki. Idan ta yi zafi, musamman a gangare, takan saki, sai birki ya nutse har ƙasa. Idan ta huce sai ya dawo kamar ba abin da ya faru. Shi ya sa masu gyara ba sa ganewa."

Ban ce wannan ne ya same ka ba, ba na wurin. Amma kai da ka yi shekara talatin da ɗaya a kotu, ka taɓa ganin an yanke wa mutum hukunci da shaidar mutum ɗaya, ba a ko duba kayan shaida ba? Ka yanke wa kanka, wata huɗu kana zaman gidan yari.

Sun ba mu tara ga Mayu. Kada ka tuƙa ta, za su turo motar ja. Kuma na janye maganar tasi. Ka tsaya a kansu har su gama.

Taka,
Uwarka

14 ga Mayu

Uwata,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ya masu haihuwa? Mu lafiya. Innarki ta koma gashi, mai gashin ta yi mana faɗa sosai, ta ce sai an yi wata biyu kafin a maido abin da aka rasa. Wannan laifina ne, na ɗauka.

An kai mota. Kafin motar ja ta zo, na ɗauki jan fenti na ɗiga a batir, da tayoyi huɗu, da duk abin da hannuna ya kai a cikin injin. Na tafi da littafi da biro. Garejin fes, ƙasa kamar a ci abinci a kai, wannan ma bai kwanta mini ba. Suka ce in zauna a ɗakin baƙi in sha sanyi. Na ce a'a, ni a gindin mota nake shan nawa.

Shugabar makanikan mace ce, ba ta wuce sa'arki ba. Ta buɗe gaba, ta ga ɗige-ɗigen fentina, ta dube ni, ta ce, "Baba, ka manta ba ka sa wa na'urar sanyi ba." Ta shafa inda Dogo ya buga, ta ce mai bugun ya iya aiki, haɗa fenti ne bai iya ba. Ba ta rubuta komai a kai ba.

Awa biyu suka yi. Da suka ciro tsohon famfon, na ce ina so in ga cikinsa. Ta sa aka kwance a kan tebur, ta zaro robar da tsinken ƙarfe. Uwata, ta kumbura, gefe ɗaya ya yage kamar bakin tsohon takalmi. Ta ce, "Birkin nan bai taɓa nutse maka ba?"

Na ba ta labari duka, har da maganar matar. Sannan na ce, "Za ki iya rantsuwa wannan ce ta jawo?"

Ta ce, "Ba zan rantse a kan abin da ban gani ba, Baba. Abin da zan iya faɗa shi ne, robar da ta yi haka tana yin daidai abin da ka kwatanta. Kuma da ni ce, ko ƙofar gida ba zan fitar da motar nan ba."

Na ga shaidu da yawa a rayuwata. Wanda ya ce ba zai rantse a kan abin da bai gani ba, shi alƙali ya fi yarda da shi. Na nemi kujera na zauna. Ta kawo mini ruwa, ta koma bakin aikinta kamar ba ta ga komai ba.

Na duba ɗige-ɗigena kafin mu fito, duk suna nan. Robar kuwa na roƙa, suka ce dole su mayar da ita kamfani, amma sun bar ni na ɗauki hoto. Na nuna wa Dogo. Ya juya wayar sama da ƙasa, ya ce ai shi dama ya yi zargin haka. Na karɓi wayata na tafi.

Ranar Alhamis muka gangaro daga asibiti. Tun daga sama nake leƙa ƙafata. Da muka kusa mararrabar na taka, ta tsaya cak. Na ci gaba da takawa, na kasa ɗaga ƙafa, har Innarki ta ce, "To malam, an gani, ta tsaya. Mu tafi, mutane na ta yi mana hon."

Ki yafe mini abin da na zarge ki da shi. Na karanta wasiƙarki kamar takardar ƙara, alhali 'yata ce ta rubuto. Maganar mayar da suna kuwa, na karɓa, na gode, Allah ya yi miki albarka, ya ba ki masu yi miki.

Wani abu kuma. Tunda yarinyar nan ta ce ba za ta rantse ba, na ga bai kamata a duba mota a bar direba ba. Jiya na kai kaina wurin likitan ido, ba wanda ya aike ni. Ya ce zan iya tuƙi da rana, amma na hagun ya yi rauni, sai na sa tabarau, kuma in dawo bayan wata shida. Na tambaye shi ko shagon tabarau ɗin da ke ƙofar asibitin nasa ne. Ya ce ba nasa ba ne. Na dai saya a wani wurin.

Naki,
Kawu